Na Je Kwatano Wanke Kwanuka

Mako uku ke nan da dawowata, kuma har yau ba na iya fitowa daga majami'armu ta Nasarawar Kaduna ba tare da wani ya tare ni ba. "Rifkatu 'yar ƙasar waje! Yaya Kwatano? Kin ga teku? Ina tsarabarmu?" Ni kuwa kowa ya san ba gwanar magana ba ce. In mutum uku suka zuba mini ido lokaci guda, harshena nauyi yake yi. Shi ya sa na ce gara in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, a bar ni in huta.

Ga abin da ya kai ni. Ina aji uku a jami'a, Faransanci nake karantawa. Wata cibiya a Kwatano ta ba da gurbi uku na karatun shekara guda kyauta, har da ɗaki da abinci. Aka yi jarrabawa a nan gida, aka zaɓi mutum goma sha biyu daga makarantu daban-daban su je can a tantance su ido da ido. Daga sashenmu mu biyu muka fita, ni da Saratu. A wurina gurbin nan ba abin wasa ba ne. Baba ya yi shekaru yana aikin rini a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, yanzu gyaran fanka da rediyo yake yi a bakin titi. In ba irin wannan ƙofa ce ta buɗe ba, ba mai tura ni wata ƙasa karatu. Saratu kuwa 'yar Barnawa ce, unguwar masu hali, mahaifinta babban ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Ita da bakinta ta ce mini in ba ta samu ba, "Dadi zai san yadda za a yi."

Kwana goma na yi ina shiri. Fasfo, katin allurar shawara, takardar gayyata, takardar makaranta, kowanne na yi masa kwafi uku na sa a leda, na sa ledar a cikin wata leda. Mama ta soya mini gyaɗa da dambun nama, matan zumunta suka yi mini addu'a. Ranar tafiya tun kafin gari ya waye Baba ya raka ni tashar mota ta Talbijin a keke.

Saratu ba ta iso ba sai da mota ta cika, fasinjoji sun fara zagin kwandasta. Direban gidansu ne ya jawo akwatinta, akwatin da zai iya cinye ni da kayana. Mahaifiyarta ta kama hannuna biyu.

"Rifkatu, ki kular mini da ita. Ba ta taɓa shiga motar haya ba. Na ce ta bi jirgi, ta ƙi."

"Ina so in ga yadda mutane suke tafiya ne, Momi," in ji Saratu.

Mutane. Na haɗiye wannan, na ce, "To, Mama, Allah ya kiyaye."

Kujerar da ke kan taya muka samu, gwiwa a ƙirji. Kusa da mu wata mata ce daga Kaciya, Mama Ladi, mai kai citta Legas, kuma duk motar ƙamshin cittarta take yi. Direbanmu kuwa kamar an ce masa gidansu na cin wuta. Tun daga Tafa nake addu'a a zuci, na riƙe ƙarfen kujera har yatsuna suka sage. Kowa a motar tsoro yake ji, amma ba wanda ya ce uffan. Sai kawai na ji muryar Saratu ta cika motar.

"Oga direba, don Allah ka rage gudu. Mutane ka ɗauko, ba buhunan masara ba."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Direban ya kalle ta ta madubi, ya yi gunaguni, ya ce yaran zamani ba su da ta ido. Amma fa ya rage. Mama Ladi ta zunguri haƙarƙarina.

"Ke, 'yar wace ce wannan?"

"Ƙawata ce, Mama."

"Ƙawarki dai. Wannan ba a taɓa ce mata yi shiru ba."

A Lokoja aka tsaya cin abinci. Saratu ta tambayi mai tuwo ko akwai takardar jerin abinci, matar ta nuna mata tukwane da ludayi ta ce, "Ga su nan, karanta." Ta je banɗaki ta dawo fuska a yamutse, ta ce ita ta fasa, za ta jira Legas. Na ce mata Legas sai nan da awa tara. Ta koma. Ni na yi mata cinikin kifi, ni na hana ta fito da jakar kuɗinta a tsakiyar tasha, ni na riƙe mata waya lokacin da ta manta da ita a kan benci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce a raina, ashe duk gatan nan ba ya koya wa mutum komai.

Taya ta fashe mana bayan Owo, muka yi awa biyu a gefen hanya muna cin gyaɗar Mama. Mun kwana gidan wata gwaggon Saratu a Legas, da safe muka kama hanyar iyaka.

A Seme ne na fara jin wani abu na daban. Muka shiga ofis, na miƙa takarduna a jere kamar yadda na tsara su. Jami'in ya karɓa ya ce in zauna. Na zauna a benci. Saratu kuwa ta zazzage jaka kaf, babu katin allura. Ta baro shi a Barnawa. Na ce shi ke nan, tafiyarta ta ƙare a nan. Ita ko a jikinta. Ta jingina da kanta, ta gaishe da jami'in, ta tambaye shi garinsu, ta ce ai ta taɓa zuwa biki can. Ta kira Momi, aka turo hoton katin, aka kira wani babba ya duba, suka yi ta hira har da dariya. Cikin rabin awa an gama da ita.

Ni ina nan a benci. Awa ɗaya ta wuce. Mutane suna shiga suna fita. Saratu ta je ta canjo mana sefa ta dawo ta same ni yadda ta bar ni.

"Rifi, me kike jira?"

"Ya ce in zauna."

"Tun ɗazu?"

Ta juya ta ce, "Yallaɓai, fasfon 'yar'uwata fa?" Mutumin ya ɗaga wasu takardu, ga fasfona a ƙasa, an buga masa hatimi tun tuni. Ya ce shi ya ɗauka wani nake jira. "Ke ma ba ki yi magana ba," in ji shi. Na yi masa godiya har sau biyu. Godiyar me, ban sani ba.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, ga su kamar fari, kuma mata ma suna tuƙa nasu da jariri a goye. Cibiyar ta sauke mu a wani masauki kusa da Zango, inda na yi mamakin jin Hausa ta ko'ina. Mai shayin bakin layin ɗan Dogon Dutsi ne, da ya ji daga Kaduna muke sai ya ƙara mana madara. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa na yanka dasashi. Abincin dare kafa ce, wato agidi, da miyar tumatir da kifi, ba laifi, sai dai barkonon ya fi ƙarfin kunya. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko, da rana tsaka ofisoshi da shaguna da yawa rufewa suke yi, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen ƙarfe uku a dawo. A Kakuri wanda ya rufe shago da azahar sai a je gaishe shi da jiki. Na biyu, 'yan bokonsu kumatu suke haɗawa in za su gaisa. Matar da ta tarbe mu ta matso da fuskarta, na ja da baya har na taka ƙafar wani ɗan Inugu. Saratu ta miƙa kumatunta dama da hagu kamar a can aka yanke mata cibiya.

Daren farko ta jiƙa farar rigar da za ta sa ranar tantancewa tare da sabuwar atamfa a bokiti ɗaya. Da safe riga ta koma shuɗiya-shuɗiya. Ta zauna bakin gado za ta yi kuka. 'Yar mai rini ce ni. Na nemo abin da zan nemo, na dawo mata da rigarta fara tas, na goge mata. Ta rungume ni ta ce ba ta san yadda za ta yi ba in babu ni. Ni ma a lokacin haka na yi zato.

Takardar tsarin ranar tantancewa na karanta ta ya fi sau biyar, na ja layi ƙarƙashin komai da jan biro. Ƙarfe takwas, rubutu. Ƙarfe goma, fassara. Sha biyu da rabi, abincin rana tare da malamai a gidan shugabar cibiya. Wannan layin kaɗai ne ban ja wa biro ba. Abinci ai abinci ne.

Rubutu da fassara sun yi mini yadda nake so. Na gama da sauran lokaci, na bi kowane layi sau biyu. Na fito ina jin gurbin nan a tafin hannuna.

A gidan shugabar aka jera mu a dogon tebur, malamai uku suka rarrabu a tsakaninmu. Cokali biyu, wuƙa, cokali mai yatsu biyu, kofi biyu. Wannan bai dame ni ba, na karanta yadda ake yi a littafi. Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne hira. Wani dattijon malami mai farin gemu ya jefa tambaya a tsakiyar tebur: shin ya dace a fara koya wa yaro harshen Turawa kafin ya iya karatu da harshen uwarsa? Ina da amsa. Ina da amsa mai kyau, da misalai uku, har da na ƙanena. Na shirya ta a kaina jimla bayan jimla, ina jira dattijon ya gama, ya dube ni, ya ce in yi magana.

Saratu ba ta jira komai ba. Da loma a cokalinta ta ce masa ita ba ta yarda da shi ba. Ta ce masa ba ta yarda ba! Mutumin ya haifi babanta. Shi kuwa sai ya yi dariya ya gyara zama, suka shiga musu. Na ƙirga kurakuranta na nahawu, bakwai cikin minti biyar. Ba wanda ya damu. Ɗan Inugun nan ya shiga, wata 'yar Ibadan ta shiga. Ni ina tauna a hankali kada a ji ƙarar bakina.

Ku da muka tashi tare a Nasarawa kun san yadda ake ci a gidajenmu. Baba yana ci shi kaɗai a kujerarsa. Yara suna tabarma, kwano ɗaya, kuma mai surutu a kan abinci ya tashi da yunwa. In baƙo ya zo, ka durƙusa ka gaishe shi, ka kawo ruwa, ka ɓace. Ban taɓa cin abinci a tebur ɗaya da wanda ya girme ni da shekara talatin ba sai ranar.

Mai kawo abincin wata dattijuwa ce da ake kira Maman Sesil, tana ɗingisa ƙafa ɗaya. Da aka gama ta fara kwashe kwanuka, ta zo kaina ta sunkuya za ta ɗauki nawa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Jikina ne ya miƙe. Na karɓi kwanukan daga hannunta, na tattara na gefena, na bi ta kicin.

"A'a, 'yata, koma ki zauna," ta ce da Faransanci. "Wurinki yana can."

Na ɗauka irin a'ar gida ce, wadda ake faɗa sau biyu kafin a bar ka ka yi. Na naɗe hannun riga na kama soso. Ta sake cewa in koma. Na ce saura kaɗan. Daga nan ta ƙyale ni, ta jawo kujera ta miƙe ƙafar, muka shiga hira. Ta ba ni labarin gwiwarta da 'yarta mai aikin jinya, na ba ta labarin masaƙa da yadda Baba yake gane launin da zai zuba tun kafin a wanke. Tunda nake ban taɓa yin Faransanci mai daɗin na ranar ba. Ko kuskure ɗaya ban ji na yi ba. Ba mai ji sai Maman Sesil da tukwane.

Ina ɗauraye tukunya ta ƙarshe Saratu ta faɗo kicin ɗin.

"Rifi! Me kike yi a nan? Sau biyu ana kiran sunanki!"

Ashe da aka kawo gahawa, kowa aka ba shi minti uku ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya sa yake son gurbin. Malaman suna rubutu a 'yan takardu. Na fito da hannun riga a jiƙe, na tarar sun mimmiƙe. Shugabar ta yi mini murmushi ta ce na kyauta. Saratu ta tare dattijon nan a bakin ƙofa ta ce lallai sai ya saurare ni, ni ce na fi kowa a ajinmu. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "To, ina ji."

Mutum goma sha biyar suka zuba mini ido. Na faɗi sunana. Na faɗi sunan makarantarmu. Na ce na gode da abinci.

Washegari da safe aka liƙa sunaye uku. Ɗan Inugu, 'yar Ibadan, Saratu. Sakatariyar ta ja ni gefe ta ce a rubutu ba wanda ya kamo ni, amma shafin magana nawa babu komai a ciki, ba su da abin da za su ba maki.

A masauki na rufe ƙofa na tambayi Saratu abin da ke cina.

"Wa ya gaya miki abincin nan jarrabawa ne?"

"Ba kowa. Ai a fili yake. In manya suka gayyace ki cin abinci, ba don kina jin yunwa ba ne."

"A gidanku."

Ta ce tun tana 'yar shekara shida, in Dadi ya yi baƙi sai an zaunar da su a tebur, kuma sai ya juyo ya ce, "Saratu, ke me kika gani?" In ta yi shiru ma faɗa yake yi. Ta ce ita da azaba ta ɗauke shi. Sai ta fashe da kuka, ta ce za ta sa Dadi ya kira wani ya yi magana a kaina. A nan ne na ɗaga murya, karo na farko a duk tafiyar, kuma a kan mutum ɗaya tilo da ta tsaya mini. Na ce kada ta kuskura.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ba ni da wanda zan ji haushi. Da Saratu muguwa ce da na samu sauƙi. Duk shekarun nan na ɗauka abin da 'yan Barnawa suka fi mu da shi janareto ne da mota da malamin lesin, abubuwan da in ka dage da karatu za ka cike gurbinsu. Na kuwa dage, na cike. Ban san akwai wani abu da ake zuba wa yaro tare da miya ba, wanda ba ya cikin kowane littafi: ya tashi da sanin cewa in ya buɗe baki, ana so a ji.

Saratu ta bi jirgi daga Legas, ta ce ta ga yadda mutane suke tafiya, ya ishe ta. Ni na sake hawa kan taya har Kaduna.

Na iso da yamma na sami Mama a tsakar gida tana tuƙa tuwo. Na zauna a turmi na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta ajiye muciya.

"Matar nan, ta kai ni shekaru?"

"Ta girme ki, Mama."

"Kuma da ciwon ƙafa."

"E."

"Yara goma sha ɗaya suna zaune, tana kwashe musu kwano, ba wanda ya motsa sai ke?"

"Mama, shi ya sa ban samu ba."

"Su riƙe abinsu," ta ce, fuskarta har haske take yi. "Ni dai na san ban yi aikin banza ba. Bari Lahadi ta zo, sai na ba da shaida a zumunta."

Na cika fam. A mota na shirya abin da zan faɗa mata, jimla bayan jimla, tun daga Lokoja. Na buɗe baki ke nan sai na ga ta dafa gwiwa ta yunƙura za ta sauke tukunya. Na riga ta kai hannu.